JIKIN MUTUM BA HAJAR KASUWA BA NE

Jawabi a kan fataucin sassan jikin ɗan Adam da ƙarancin masu bayarwa, wanda aka gabatar wa dattawa da shugabannin Ikkilisiyoyi

  

GABATARWA

Wani zai ce, me ya haɗa Fasto da maganar ƙoda? Abin da ya haɗa mu shi ne aikin ziyara. Duk wanda ya daɗe cikin hidimar Ikkilisiya ya taɓa zama a bakin gadon mai ciwon ƙoda. Mun ga yadda ƙafafu ke kumbura, mun ga yadda iyali ke sayar da hatsi, sa'an nan shanu, sa'an nan gona, domin a biya kuɗin wankin ƙoda. Mun karɓi baiko na musamman a sujada sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Daga baya kuɗi ya ƙare, aka dawo da marar lafiya gida, muka je muka yi jana'iza.

A cikin majami'a ɗaya kuma muna da samari da suka gama makaranta ba aiki, waɗanda in aka ce musu ga hanyar zuwa ƙasar waje, ba za su tsaya tambaya ba. Marar lafiyan nan da saurayin nan, wani lokaci benci ɗaya suke zama ran Lahadi. Akwai mutanen da sana'arsu ita ce su tsaya tsakanin waɗannan biyu, su karɓi kuɗi daga ɗaya, su cire ƙoda daga ɗayan. A kan wannan sana'a za mu yi magana.

Bari mu share wani abu tun da fari. A ƙasarmu in an ce sassan jikin mutum, hankali kan tafi wurin matsafa. Wannan mugunta ce dabam. Abin da ke gabanmu a yau shi ne cinikin sassan jiki domin a dasa wa marar lafiya, cinikin da ake yi a cikin asibiti, da likitoci, da takardu, da fasfo.

ABIN DA YA FARU A LANDAN

A watan Fabrairu na shekara ta 2022 aka kai wani saurayi birnin Landan daga Legas. Sana'arsa tura baro ce, yana sayar da kayan waya a kasuwa. An yi masa alkawarin aiki a Ingila, da kuɗin da za su iya kaiwa fam 7,000. Kafin tafiya an kai shi an yi masa gwaje-gwaje, shi kuwa ya shaida wa kotu daga baya cewa ya ɗauka na neman biza ne.

Waɗanda suka shirya tafiyar su ne Sanata Ike Ekweremadu, wanda ya riƙe muƙamin Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawan Nijeriya daga 2007 zuwa 2019, da matarsa Beatrice, da wani likita mai suna Obinna Obeta. 'Yar Sanatan tana fama da ciwon ƙoda, ana yi mata wanki. An shirya yin aikin a asibitin Royal Free a kan fam 80,000, aka kuma gabatar da saurayin a matsayin ɗan'uwan yarinyar, alhali ba abin da ya haɗa su. Likitan da ya zauna da shi ya lura cewa yaron bai fahimci abin da za a yi masa ba, sai asibitin ya ƙi yin aikin. A watan Mayu saurayin ya gudu, ya yi kwanaki yana kwana a titi, daga ƙarshe ya shiga ofishin 'yan sanda a garin Staines yana kuka.

Ran 23 ga Maris 2023 kotun Old Bailey ta sami mutanen uku da laifi, ta sallami 'yar. Ran 5 ga Mayu aka yanke wa Sanatan ɗaurin shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da wata 6, likitan kuma shekara 10. Wannan ne karo na farko da aka hukunta wani a kan safarar mutum domin cire sashen jikinsa a ƙarƙashin dokar hana bauta ta Birtaniya ta 2015.

'Yan'uwa, ba mu kawo wannan labari domin mu yi wa kowa dariya ba. Wane uba ne a cikinmu zai ga 'yarsa a kan injin wanki ya iya barci? Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Amma a nan takobin ba hannun mai kamawa zai yanka ba, cikin ɗan wani zai yanka. A gaban kotu lauyan gwamnati ya tuhumi Sanatan da cewa bai nemi mai bayarwa cikin danginsa ba, ya gwammace haɗarin ya faɗa a kan wanda bai sani ba. Ku tuna misalin da annabi Natan ya kawo wa sarki Dawuda a 2 Sama'ila sura 12, na attajirin da ya yi baƙo, ya ji tausayin garkensa, ya aika aka kamo 'yar tunkiya ɗaya tak ta maƙwabcinsa matalauci. Attajirin nan yana da uzuri, gama baƙo ya zo. Uzurin bai wanke shi ba.

Abu biyu suka rage a zuciyarmu daga wannan shari'a. Na ɗaya, manyan ƙasa da yawa, har da tsohon Shugaban Ƙasa Olusegun Obasanjo da majalisun tarayya, sun roƙi a yi wa Sanatan sassauci. Neman jinƙai ba laifi ba ne. Sai dai mu tambayi kanmu, murya nawa muka ji ta tashi domin mai baro? Na biyu, saurayin ya ƙi neman diyya daga hannun waɗanda suka kai shi, ya kuma ce yana tsoron komowa Nijeriya. Yaro ɗan shekara 21 ya rasa ƙasarsa domin waɗansu sun ga ƙodarsa ta dace.

INDA BANGON YA TSAGE

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta haifi wannan kasuwa ita ce masu bukata sun yi yawa, masu bayarwa sun yi kaɗan.

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi ne a birnin Boston na Amurka ran 23 ga Disamba 1954. An cire ƙoda daga wani matashi, Likita Joseph Murray ya dasa wa ɗan tagwayensa. Wanda aka dasa wa ya ƙara shekara 8 a duniya, wanda ya bayar kuwa ya rayu da ƙoda ɗaya har 2010. Ku lura, wannan aiki da kyauta ya fara, ɗan'uwa ya ba ɗan'uwansa. A shekarun 1980 aka sami ingantattun magungunan da ke hana jiki ƙin karɓar baƙon sashe, sai ya zama ƙodar wanda ba dangi ba ma tana iya zama. Ilimi ne mai albarka, ya ceci rayuka masu yawa. Amma shi ne kuma ya sa mai kuɗi ya fara duban jikin matalauci da wani ido.

A 'yan shekarun nan ana dasa sassa fiye da 150,000 a duniya kowace shekara, fiye da rabinsu ƙoda ne. Duk da haka, ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi ya nuna wannan bai wuce kashi 10 cikin 100 na bukata ba. Wato in mutum goma suna jira, ɗaya ne zai samu. A Amurka kaɗai, da duk arzikinta, fiye da mutum 100,000 ne ke kan layin jira. A 2007 hukumar ta ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na dashen ƙoda a duniya ta hanyar ciniki ake yin su.

ME MAI SAYARWA KE SAMU?

Waɗansu kan ce, in mutum yana da ƙoda biyu, ɗaya kuma ta ishe shi, ga shi cikin talauci, me zai hana ya sayar ya huta? Tambaya ce mai nauyi, kada mu yi mata amsar gaggawa. Bari mu dubi waɗanda suka riga suka sayar.

A 2002 aka buga wani bincike da aka yi a birnin Chennai na Indiya a kan mutum 305 da suka sayar da ƙodarsu, kimanin shekara 6 bayan aikin. Kashi 96 cikin 100 sun ce bashi ne ya sa su. Matsakaicin abin da aka biya su dala 1,070 ne. Lokacin da aka koma wurinsu, kimanin uku cikin huɗu suna nan cikin bashi, abin da iyali ke samu ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, kashi 86 cikin 100 sun ce lafiyarsu ta taɓarɓare, kashi 79 kuma sun ce ba za su ba kowa shawarar ya sayar ba.

Dalilin a fili yake. Wanda ke sayar da ƙoda manomi ne, ko ɗan dako, ko lebura, mutumin da ƙarfinsa ne jarinsa. Ana yi masa aiki a gaggauce, a sallame shi da wuri, ba mai sake duba shi. Kuɗin kan ƙare cikin watanni, bashin ya dawo, ƙodar kuwa ba ta dawowa. Sau da yawa ma ba a cika masa abin da aka alkawarta, ba kuma inda zai kai ƙara, gama shi ma ya taka doka. Ƙasar Iran ce ta yi fice wajen halatta biyan mai ba da ƙoda, tun 1988, a can ma matalauta ne akasari ke sayarwa. Mai saye shi ma ba ya tsira ƙalau, domin aikin ɓoye kan zo da ƙarancin gwaji, a dasa wa mutum ƙoda tare da cuta. Wanda ya ci riba shi ne dillali da likitan da ya sayar da lamirinsa.

YADDA AKE YIN CINIKIN

Ya kamata mu fahimci yadda abin ke gudana, domin jita-jita ta yi yawa. Ba ya yiwuwa a tare mutum a hanya a fasa cikinsa a ɗauki ƙoda a kai kasuwa a sami mai saye. Tilas ne jinin mutanen biyu da tsokarsu su dace, sai an yi gwaje-gwaje, sai da ƙwararrun likitoci da ɗakin tiyata. Ƙodar da aka cire ba ta wuce yini ɗaya zuwa ɗaya da rabi ko da an sanyaya ta, zuciya kuwa awa 4 zuwa 6 ne. Saboda haka masu wannan sana'a ba ƙodar suke safara ba, mutumin suke safara da ƙafafunsa.

Shi ya sa da ɗan gari akan ci gari. A 2010 kamfanin asibitoci na Netcare a Afirka ta Kudu ya amsa laifi a kan ayyukan dashen ƙoda 109 da aka yi ba bisa doka ba a asibitinsa na birnin Durban tsakanin 2001 da 2003, inda aka riƙa kawo matalauta daga Birazil da Romaniya, ana rubuta cewa dangin marasa lafiya ne. A 2018 wata kotu a Alƙahira ta ɗaure mutum 37, cikinsu har da likitoci da ma'aikatan jinya. A Masar ɗin kuma 'yan gudun hijira daga Sudan da Eritiriya suna cikin waɗanda dillalai suka fi farauta, domin baƙo marar takarda ba ya iya zuwa wurin hukuma. Wannan ya shafe mu, gama 'ya'yanmu ma suna bin hamada neman arziki, su iske kansu a ƙasar da ba su da kowa.

Sanin wannan zai tsare mu daga abu biyu: daga dillali mai daɗin baki, da kuma daga ɗaukar doka a hannu a kan baƙon da aka yi wa ihu a kasuwa. Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu mun san abin da jita-jita ke iya yi wa marar laifi.

HALIN DA MUKE CIKI A GIDA

An yi dashen ƙoda na farko a Nijeriya a asibitin St. Nicholas da ke Legas a shekara ta 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma ya fara a 2002. Amma kusan duk dashen da ake yi a ƙasar nan daga rayayyen mutum ake ɗauka, domin ba mu da tsayayyen tsarin karɓar sassa daga wanda ya rasu. Wannan ya sa dukan nauyin ya koma kan dangi, in dangi suka ja da baya kuma, sai a shiga neman na saye.

Masu ciwon kuwa ƙaruwa suke yi. Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. A yankin Gashuwa da Nguru da Haɗeja an daɗe ana kokawa da yawan masu wannan ciwo. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana bukatar wanki sau 2 ko 3 a mako, kowane zama kimanin awa 4. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a waɗansu asibitocinta, har da na Maiduguri da Azare. Mun gode, amma ku lissafa naira 12,000 sau 3 a mako, ga kuɗin mota, ga magani, ku gaya mana manomi nawa ne zai jure shekara guda.

Ta fuskar doka ba a bar mu cikin duhu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana saye da sayar da sassan jiki, ta hana cirewa ba da yardar mutum ba, ta kuma hana cire irin ƙoda daga wanda bai kai shekara 18 ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba ga mai safarar mutum domin cire sashen jikinsa. A watan Maris 2025 kuma gwamnati ta fitar da ƙa'idodin aikin dashe ga asibitoci. A matakin duniya, likitocin dashe sun yi Sanarwar Istanbul a 2008, suka yi tir da wannan ciniki. Doka tana nan. Sanatan da muka ambata yana kan kujerarsa a Majalisa lokacin da aka yi dokokin nan biyu. Wannan ya isa ya nuna mana cewa doka ita kaɗai ba ta tsare zuciyar da ta shiga matsi.

SHIN MAI BI ZAI IYA BAYARWA?

In muka tsaya a kan la'antar masu saye kawai, ba mu gama aiki ba, gama tsagar bangon tana nan. Tilas mu amsa tambayar da membobinmu ke yi a ɓoye.

Jiki ba namu ba ne da za mu sa masa farashi. Allah ne ya yi shi cikin kamanninsa, ya ba mu riƙonsa amana. 'Yan'uwan Yusufu sun karɓi azurfa 20 a kansa, ba wanda ya taɓa karanta Farawa sura 37 ya kira wannan ciniki. Sayar da mutum gaba ɗaya da sayar da shi gunduwa-gunduwa, uwarsu ɗaya. Amma kyauta dabam take. Dukan bangaskiyarmu a kan Wanda ya ba da jikinsa da jininsa domin waɗansu take tsaye. Wanda ya ba ɗan'uwansa ƙoda da yardar ransa, ba don kuɗi ba, ba don tsoro ba, ya yi aikin ƙauna. Fafaroma John Paul na Biyu ya bayyana haka a gaban taron likitocin dashe a Roma a shekara ta 2000, ya yaba wa bayarwa, ya haramta ciniki. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta bayarwa bisa sharuɗɗa, ta hana sayarwa. Wannan yana da muhimmanci a gare mu, domin gidajenmu da yawa a haɗe suke, wa Musulmi, ƙane Kirista. Wanda jininsa zai dace da naka, mai yiwuwa ne ba majami'a yake zuwa ba. Ga ƙarin dalilin riƙe zumunci da kyau tun ana lafiya.

Waɗansu kuma na tsoron ranar tashin matattu, suna cewa yaya za mu tashi da ƙoda ɗaya? 'Yan'uwa, ina jikunan shahidan da aka ƙone? Ina waɗanda ruwa ya tafi da su? Ina kakanninmu da suka daɗe da zama ƙasa? Koyarwar Manzo Bulus a 1 Korantiyawa sura 15 ita ce za a tashe mu da sabon jiki marar ruɓa. Wanda ya yi mu daga ƙura ba zai rasa ƙoda ba a ranar nan.

Game da haɗari kuma, mu faɗi gaskiya. Aikin tiyata ne, ba wasa ba. Amma inda aka tantance mai bayarwa da kyau aka kuma kula da shi, mutuwa sanadin aikin ba ta wuce mutum 3 cikin 10,000 ba, yawancin masu bayarwa kuma kan koma aikinsu su yi tsawon rai. Wanda ya rasu kuwa, in an shirya, sassansa na iya ceton mutum har 8. Ƙasar Sifen ta fi shekara 30 tana kan gaba a duniya a wannan fanni, ba da ciniki ba, sai da kyakkyawan tsari a asibitoci da amincewar iyalai.

ABIN DA ZA MU KOMA GIDA MU YI

1. Mu rage yawan masu shiga layi. Rigakafi ya fi magani. Kusan kowace Ikkilisiya tana da ma'aikacin lafiya ko a kusa da ita. A sayi abin awon jini da na sukari, a sa Lahadi ɗaya a wata a auna manya bayan sujada. Ciwon ƙoda ba ya yin sallama, sai ya yi nisa ake jin sa. Wanda aka sa wa maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi, kada kuma wani ya ce masa shan magani rashin bangaskiya ne.

2. Mu yi faɗakarwa a kan ƙwayoyin ciwon jiki da ake sha kullum bayan an dawo daga gona, da haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwa ba a san abin da ke ciki ba, da mayukan bilicin. Masu aiki a rana su yawaita shan ruwa.

3. Mu tsare matasanmu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In wani ya ce zai kai ka ƙasar waje kyauta, sai ya fara tambayar rukunin jininka, ya kai ka hoton ciki, ya koya maka ka ce kai ɗan'uwan wane ne, ya riƙe fasfonka, ya kuma ce kada ka gaya wa iyayenka, to, ka tsaya nan. Ka zo wurin dattawa, dattawa kuma su kai magana ga NAPTIP ko 'yan sanda.

4. Mu tambaya kafin mu tara kuɗi. Wannan ya shafi majalisar dattawa kai tsaye. In aka kawo roƙon taimako domin a kai wani dashen ƙoda, a gida ko a waje, mu taimaka da dukan ƙarfinmu, amma cikin ladabi mu tambaya, wa zai ba da ƙodar? In aka ce kada mu damu, akwai wanda zai samo a can, to, mu damu. Kada baikon da gwauruwa ta sa a faranti ya zama kuɗin sayen ƙodar ɗan wata gwauruwa. Mun san wannan tambaya za ta yi zafi, musamman in marar lafiyan mai taimakon Ikkilisiya ne. Natan ma a gaban sarki ya tsaya.

5. Mu hana tilas a cikin gida. Ba a kasuwa kaɗai ake zaluntar mai bayarwa ba. A Indiya mata sun fi maza bayarwa nesa ba kusa ba, maza kuma sun fi karɓa. A wurinmu ma akwai waɗanda ba sa iya cewa a'a: matar aure, ɗan riƙo, yaron gida, ɗan'uwa matalauci da ake biya wa kuɗin makaranta. Fasto ya zauna da mai bayarwa shi kaɗai, ya tabbatar masa cewa in ya ƙi, bai yi zunubi ba.

6. Mu girmama wanda ya bayar, mu riƙa tuna masa zuwa asibiti a duba shi, mu taya shi noma a shekarar da yake jinya. Wanda talauci ya sa ya riga ya sayar kuma, kada mu nuna shi da yatsa. An cuce shi ne, yana bukatar likita da addu'a da abokin kuka.

7. Mu fara da jini. Har yanzu a asibitocinmu da yawa sai dangi sun nemo wanda za a biya ya ba da jini. Ikkilisiyar da matasanta suka saba ba da jini kyauta ga kowa, Kirista ko Musulmi, ta riga ta fara koyon darasin da muke magana a kai.

8. Mu ɗaga murya tare da sauran jama'a, a sa wankin ƙoda da magungunan bayan dashe cikin inshorar lafiya, a sa ido a kan asibitocin kuɗi, a kuma kafa amintaccen tsarin bayarwa bayan rasuwa. Kowannenmu kuma ya tattauna wannan da iyalinsa tun yana da lafiya.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ƙaunatattu, mun fara da mutum biyu a benci ɗaya. Dukansu tumakinmu ne, za a kuma tambaye mu a kansu. Ba za mu ce wa marar lafiya ya je ya mutu ba, ba kuwa za mu bar saurayi ya zama abin yanka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kowace Ikkilisiya da aka wakilta a nan ta ɗauki ko abu biyu cikin waɗanda muka lissafta ta fara kafin taro na gaba, to, zamanmu bai zama banza ba.

Bari mu sunkuyar da kai. Ya Uba, ka taɓa 'yan'uwanmu da ke kan gadon ciwo, ka ƙarfafa masu jinyarsu. Ka tsare 'ya'yanmu daga tarkon masu yaudara. Ka ba likitocinmu tsoronka, ka ba shugabanninmu adalci. Ka tuna da saurayin nan da ya rasa hanyar gida, ka kuma ji tausayin iyalin da matsi ya kai su ga kuskure, ka ba 'yarsu lafiya. Ka ba mu zuciyar bayarwa. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.